Babi Na Huɗu: A Je A Gani Kafin A Cike Fam

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi maƙwabcin jami'a ne, ko da bai taɓa kallon abin ta haka ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kowa ke kira Asibitin Malam, ba don jinya kaɗai aka gina shi ba. An kafa shi a 1988 domin ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero (BUK) su sami inda za su koyi aiki a gaban gadon mara lafiya, ya kuma tare a mazauninsa na Titin Zariya a 1996. Tun daga lokacin, duk wanda ya fito neman abin karyawa a Court Road, ko ya tsaya tarar ɗan sahu a bakin asibitin, yana ganin samari da 'yan mata cikin farar riga, abin sauraron ƙirji a wuya, suna ta sauri. Ga iyaye da yawa a Tarauni da Darmanawa da Hausawa da Unguwa Uku, wannan ita ce jami'ar da suka sani da idonsu. Idan uba ya ce, "Ni dai BUK nake so yarinyar nan ta yi," nan bakin titin yake hangowa, inda ko a ƙafa za ta je ta dawo gida ta ci abincin rana.

Sai adimishan ya fito, a ce an ba ta tattalin arziki ko aikin jarida ko lauya, a je a yi rajista. Ranar ce uban zai gane BUK ba waje ɗaya ba ce. Akwai tsohuwar jami'a a gefen ganuwa, dab da Kabuga. Akwai sabuwa can kan Titin Gwarzo, gaba da Rijiyar Zaki, a ɗaya ƙarshen garin ɗungurungum. Ko ɗalibin likitancin da ake sha'awa, sai ya share shekarunsa na farko a can yammacin gari kafin ya shigo Asibitin Malam da farar riga. Ba wanda ya ɓoye wannan. Ba a tambaya ba ne, ba a kuma je an gani ba.

Yawancin 'ya'yanmu a majalisar bayan magariba ake zaɓa musu makaranta, ko a gidan suna, ko a gaban kwamfutar cibiyar rajistar JAMB. Yaro ya zauna, mai cike fam ya ce, "Wacce za a sa maka a farko?" Sai ya kira babansa a waya, uban yana tsakiyar ciniki a Kasuwar Tarauni, ya ce, "A sa BUK mana, ta biyu a sa Zariya." Shi ke nan, an yanke hukuncin shekara huɗu ko biyar kafin katin waya ya ƙare. Sunan ake saye, kuma suna ne mai nauyi, ba musu. Kakanni sun san ta tun tana Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Amma suna ba ya gaya maka ƙarfe nawa 'yarka za ta baro aji, ko a ina za ta sami ruwan alwala. Mutumin da ba zai biya kuɗin ragon layya ba sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya dafa gadon bayansa ya ji nama, shi ne zai miƙa ɗansa ga makarantar da ko ƙofarta bai taɓa gani ba.

Ba zan kira wannan sakaci zalla ba. Uban da bai yi boko mai zurfi ba, ƙofar jami'a tana yi masa kwarjini, yana ganin sai wanda ya san wani ke shiga. Ga kuma ƙarancin gurbi, wanda ya koya mana cewa duk inda aka ba ka, ka karɓa ka gode wa Allah, zaɓe na masu hali ne. Da can wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, lokacin da jami'a ɗaya ce tal a Kano. Yanzu zamani ya wuce nan. Jiha ta buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda ta koma ɗaukar sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ta buɗe Northwest a 2012, aka sa mata sunan Yusuf Maitama Sule bayan rasuwarsa a 2017, kodayake bakin mutane bai taɓa sakin tsohon sunan ba har daga baya aka mayar mata da shi a hukumance. Ga Kwalejin Sa'adatu Rimi a Titin Zariya, ga Poli da kwalejin shari'a ta Ligal a Titin BUK. Masu zaman kansu kuwa, tun da Skyline ta fara a 2018, sai suka yi ta ɓullowa: Maryam Abacha a Hotoro, Al-Istiƙama a Sumaila, ta Khalifa Isyaku Rabi'u a Gadon Ƙaya, da sauransu. Zaɓi ya samu. Kuma tsarin JAMB kansa ya ba zaɓin nauyi, domin jami'o'i da yawa ba sa ko duban wanda bai sa su a farko ba, sannan tun 2017 da aka kawo manhajar CAPS, ɗalibi ne da hannunsa ke danna ya karɓi gurbi ko ya ƙi. Wanda zai danna irin wannan maɓalli ya kamata a ce ya san abin da yake karɓa.

Ziyara daga ƙofar gida take farawa, kuma a irin abin hawan da yaron zai riƙa hawa. Alhajin da ya ɗauki 'yarsa a mota ranar Lahadi da hantsi, titi fayau, ya isa sabuwar jami'a nan da nan, bai ga komai ba tukuna. A bar motar a gida. A fito ƙarfe bakwai na safiyar Talata, a tsaya a bakin titi tare da ma'aikata da 'yan makaranta ana rububin ɗan sahu. A bi ta Zoo Road a ɓulla Ɗan Agundi, a miƙe Titin BUK ganuwa tana hannun dama, a wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya, a sauka a Kabuga a sake wani hawan, a ratsa Janbulo da Rijiyar Zaki. An iso ƙofa, da sauran tafiya, don sabuwar jami'a fili ce mai faɗin gaske, daga bakin ƙofa zuwa wasu tsangayoyin hanya ce mai zaman kanta. A nan sai uba ya duba agogo, ya ƙirga abin da ya fita daga aljihunsa, ya ninka biyu, ya ninka kwanakin karatu na wata, sannan na shekara.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wannan lissafin a gidaje da yawa ya kere kuɗin rajistar da ake ta kuka da shi. Kuɗin rajista a rubuce yake, kowa na gani, shi ya sa ake yin surutu a kansa. Da BUK ta ƙara nata a 2023, gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 'yan jiha kimanin 7,000. A 2024 asusun bashin karatu na NELFUND ya fara aiki, har da kuɗin kashewa naira 20,000 a wata ga wanda ya nema. Sai dai wanda ya bi hanyar nan da kansa ne kaɗai zai iya cewa ko dubu ashirin ɗin za ta kai yaro ƙarshen wata a kuɗin mota, balle abincin rana da kwafin takardu. Kuɗin hanya ba ya cikin kowace takardar makaranta, kullum ne kuma yake fita.

Komawa gida ta fi zuwa muhimmanci, musamman ga 'ya mace. Akwai lakcar da ba a tashi sai ƙarfe shida. A lokacin hunturu, kafin yarinya ta fito ƙofa ta sami abin hawa, magariba ta riske ta a Kabuga, isha'i kuma tana neman cim mata kafin Ɗan Agundi. Uwar da ta tsaya a wurin sau ɗaya a wannan lokaci ba ta bukatar bayanin kowa. Wata za ta ce a nema wa yarinyar ɗakin kwana a makaranta, abin da ta rantse a baya ba za a yi ba. Wata ta tuna tana da ƙanwa a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki. Wata kuma ta ce a sake duba makarantun da ke wannan ɓangaren garin, waɗanda da farko aka raina.

Domin taswirar mutumin Tarauni daban take da ta mutumin Gwale. Wudil, da ake jin ta kamar wata uwa duniya saboda kilomita kusan 40 ne, a miƙe take daga tashar Unguwa Uku: Hotoro, Mariri, sai a ɗau hanya. Ranar da Titin BUK ya cushe, ba abin mamaki ba ne wanda ya nufi Wudil ya riga wanda ya nufi Rijiyar Zaki zama a aji. Sa'adatu Rimi hawa ɗaya ce ta Na'ibawa. Gidan Ado Bayero na Ƙofar Nassarawa, dogon benen da Northwest ta fara zama a ciki, daga Dangi ka miƙe ka iso. Sai dai a nan ma akwai tarko irin na farko, don babban mazaunin Northwest yana can hanyar Kabuga zuwa Ƙofar Ruwa. Tambayar ko da yaushe ita ce, kwas ɗin ɗana a wane mazauni ake yin sa, kuma a wace shekara ake komawa wani?

Akwai wani gida a layinmu da na ga yadda tafiya ɗaya ta juya musu tunani, kowa ta nasa ɓangaren. Maigidan ɗan kasuwa ne, karatun allo da na zaure ya yi, yana kuma cikin masu ganin jami'a wurin lalacewar 'ya'ya mata ne. 'Yarsu ta fari ta ci JAMB da maki mai kyau, kwas ɗin da take so kuma ya fi sauƙin samu a wata jami'a a jiha maƙwabciya. Uwar na bayanta, uban ya ce atabau. Ƙanin uwar, wanda malamin sakandare ne, shi ya shiga tsakani. Ya ce, "Yaya, maimakon a yi ta ja-in-ja, mu je mu ga wurin mana. In bai yi ba, kowa ya gani da idonsa."

Suka tafi ranar wata Laraba, azahar ta riske su a cikin makarantar. Alhaji ya shiga masallaci ya tarar da sahu har waje, yawanci samari, wasu da littattafai a hammata. Bayan sallama wani ɗalibi ya miƙe ya yi sanarwar karatun hadisi bayan la'asar. Da ya fito ya ga 'yan mata da hijabi har ƙasa zaune a gindin darbejiya suna bitar lissafi, ga wasu kuma da shigar da ba ta yi masa ba suna wucewa, ba wanda ya kula wani. Ya juya ya ce da surukin nasa, "Ashe nan ma gari ne. Kowa da abin da ya kawo shi."

Hajiya, wadda ta zo da ƙarfinta, ita ce jikinta ya yi sanyi. Ta roƙi mai kula da ɗakunan kwanan 'yan mata ta bar ta ta leƙa. Abin da ta fara cin karo da shi layin jarkoki da bokitai ne a gaban famfon da ko ɗigo ba ya yi, kowanne an rubuta masa suna da jan farce ko an ɗaura masa tsumma don shaida. Ɗakin da aka yi don mutum huɗu, ta ga katifu sun fi gadaje yawa, wasu a jingine da bango sai dare a shimfiɗa. Risho a ƙarƙashin gado, garin kwaki da taliya a akwatin ƙarfe an danna kwaɗo. Ta tare wata yarinya da ta fito da bokiti.

"'Yata, yaushe ruwan nan yake zuwa?"

"Sai an kawo wuta, Mama. In ba a kawo ba mu saya wurin 'yan garuwa."

"Kuma kowa ana ba shi ɗaki?"

Yarinyar ta yi dariya. "Wadda ta yi sa'a dai. Ƙawayena da yawa a bayan katanga suke haya."

Hajiya ta ce a kai ta bayan katangar. Alhaji ya ce yamma ta yi, ga hanya. Ta ce, "Alhaji, ba inda za ni sai na ga inda za ta kwana." Suka bi wata 'yar siririyar hanya ta cikin gona, babu fitila ko ɗaya, suka ɓulla unguwar da ɗalibai suka cika. Jerin ɗakuna ne, wasu gidajen ko ƙyaure babu, maza da mata a tsakar gida ɗaya, mai shagon caji ya ƙure kiɗa. Amma a can ƙarshen layi aka nuna mata gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda 'yan mata kaɗai take ba haya, tana kuma rufe ƙofa da kanta bayan isha'i. Hajiya ta shiga suka gaisa, ta duba banɗaki da rijiya, ta karɓi lambar waya.

A mota kan hanyar dawowa sai ga shi sun yi musayar matsayi. Shi yana cewa a bar ta ta gwada, ita tana cewa ba za ta ba sai an sami gado a cikin makaranta ko ɗaki a gidan tsohuwar nan. A kan sharaɗin uwar aka tsaya, yarinyar kuma ta tafi.

Shi ya sa nake ganin ziyarar da aka bar uwa a gida rabin ziyara ce. Mu maza idonmu kan tafi ga ƙofar shiga, ginin shugaban jami'a, masallaci da wurin ajiye motoci. Ruwa, banɗaki, sakata, da wanda ke riƙe da mukulli da dare, mata ne ke tambayarsu. Kuma ba tsegumi ba ne. A watan Satumba 2023, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da 'yan bindiga suka sace, akasarinsu mata, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe su, a wajen makaranta. A watan Oktoba na shekarar aka ɗauki wasu ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma a gidan haya. Katangar jami'a tana da masu gadi, amma dubban ɗalibai a bayanta suke kwana, kuma babu hoton bayan katanga a kalandar kowace makaranta.

Shi kansa yaron fa? Sau da yawa shi ne wanda ba a tambaya. Ɗan sakandaren da ya saba da aji mai malami ɗaya da ya san sunan kowa, ya kamata ya tsaya a bayan babban ɗakin lakca ya ga ɗaruruwan kawuna, malami can ƙasa da lasifika, wasu a zaune kan taga. Wani abin zai burge shi, wani zai tsorata, kuma gara ya tsorata yau da ya tsorata bayan an biya kuɗi. Wanda ya ce injiniya zai zama don sunan ya yi masa daɗi, a kai shi ɗakin gwaji ya ga injin walda da na yankan ƙarfe da ɗalibai cikin rigar aiki, hannu duk baƙin mai. Akwai wanda a nan yake gane ba wurinsa ba ne, akwai wanda sai an janye shi. Sannan iyaye su ɗan ja baya, su bar shi da 'yan aji biyu ko aji uku a wurin mai shayi ko rumfar abinci. Abin da ɗalibi zai gaya wa ɗan'uwansa yaro cikin raha, game da malamin da ba ya zuwa, ko sakamakon da kan yi wata da watanni bai fito ba, ba zai faɗe shi a gaban dattijo mai babbar riga ba.

Jami'o'i masu zaman kansu su ne suka fara koya mana wani salon ziyara. Kasuwarsu ta buɗe ne sosai bayan yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, lokacin da iyaye suka gaji da ganin ƙarti zaune a gida. Su suna neman ka, don haka da ka shiga za a tarbe ka da fara'a, a zaunar da kai a ɗaki mai sanyi, a ba ka takarda mai sheƙi, a haɗa ka da wanda zai zagaya da kai. A Amurka da Ingila wannan tsohuwar al'ada ce. Jami'o'in Ingila suna ware ranakun da suke buɗe ƙofa ga iyaye da yara, a Amurka kuwa har an san ɗaliban da ke yi wa baƙi jagora da tafiya da baya da baya, suna fuskantar iyaye suna zuba bayani. Abu ne mai kyau, ina ma namu na gwamnati za su ɗauka. Amma mai zagayawa da kai ma'aikacin mai kaya ne, inda aka share zai kai ka. Sanyin ɗakin baƙi ba ya koyar da kowa ilimin haɗa magunguna. Ka ce a kai ka sashen da ɗanka zai shiga, a buɗe ɗakin gwajin, ka ga ko kayan a cikin leda suke har yanzu. Ka tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne kuma ke zuwa daga wata jami'a su yi awa biyu su tafi. Makarantar kirki ba ta jin haushin irin wannan tambaya. In ka ga fuska ta canja, ka sami amsarka.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji Hausawa. Sai dai akwai abu ɗaya da ido ba ya iya aunawa ko kaɗan, kuma shi ne ya fi jefa iyalai cikin asara: izinin hukuma. Jami'a na iya samun lasisi daga hukumar NUC, amma wani kwas a cikinta bai sami amincewa ba. Likitanci yana da tasa majalisar da ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, haka aikin jinya, haka haɗa magunguna, haka lauya. Poli tana ƙarƙashin NBTE, kwalejin ilimi tana ƙarƙashin NCCE. Yaro na iya share shekaru a gini mai tayil da gilashi, ya fito da takardar da ba za ta kai shi hidimar ƙasa ba, ko ta kai shi amma majalisar sana'arsa ta ƙi yi masa rajista. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu fiye da 20 saboda ba su da izini, kuma ɗaliban da ke cikinsu 'ya'yan unguwanninmu ne, waɗanda iyayensu suka ga allo da farin yunifom suka amince. Don haka in an gama zagaye, a nemi ganin takardar amincewar kwas ɗin, a dawo gida a sa wani mai ido a kwamfuta ya duba shafin hukumar a intanet. Duk gurbin da aka ce za a ba ka ta bayan fage, ba ta CAPS ba, JAMB ta sha nanata cewa ba ta san da shi ba.

Wannan ya fi tsanani ga masu tura 'ya'ya waje, inda dillali ne idon iyaye. A ƙarshen 2023 wakilin jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairu 2024. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah a can su ma guguwar ta shafe su. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu 2023, aka yi ta fafutikar kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar da Port Sudan, ba ziyarar da za ta iya hango wannan. Amma ranar ta nuna bambancin uban da ya taɓa zuwa ya san unguwar da ɗansa yake da mutumin da zai kira, da wanda lambar dillali kaɗai ke hannunsa. Maraɗi kuwa, inda 'ya'yan Kano da yawa suka yi karatu, ba ta da uzuri: Katsina, Jibiya, sai ka tsallaka, tafiyar yini ce. Wanda ya bi hanyar zai kuma tuna cewa iyaka ce, ana iya rufe ta, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Saura maganar shiga. Gaskiya ne ƙofofin makarantun Kano sun ƙara tsauri tun bayan harin da aka kai tsohuwar BUK a Afrilu 2012, da waɗanda suka biyo baya a 2014 a Makarantar Tsafta, da Poli, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Za a tambaye ka, za a iya duba jaka. Amma uban da ya riƙe katin shaidarsa ya ce wa mai gadi, "Ɗana ne yake son shiga nan, na zo in ga sashen kaza," galibi hanya za a nuna masa. In akwai ɗan unguwa da ke karatu a ciki, kuma da wuya a rasa, shi ne jagoran da ya fi kowa. A guji ranar bikin yaye ɗalibai, lokacin da ake fentin bakin titi a kafa rumfuna, a guji lokacin hutu da makaranta ke zama kango. Ranar aiki ake so, tsakiyar zango, a ci abincin rana inda ɗalibai ke ci, a biya abin da suke biya, a shiga banɗakin da suke shiga. Wanda ya sami dama ya koma da damina, ya ga yadda hanyar take bayan ruwan Agusta.

Lokacin kuma shi ne tun yaro yana aji biyar na sakandare, ko zangon farko na aji shida, domin a farkon shekara JAMB ke buɗe rajista. Bayan jarrabawa ana iya sauya makaranta, amma da kuɗi, kuma a lokacin hankali ya riga ya tashi.

Ga shugabannin sakandaren Tarauni da ƙungiyoyin iyaye da malamai, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Motar bas ɗaya, wasiƙa ɗaya zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kwashi 'yan aji biyar da wasu iyaye mata, yau Wudil, wani makon Titin Gwarzo. Ana kai yara gidan zu da gidan tarihi na Makama kowace shekara, jami'a ba ta fi su nisa ba. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko 'ya da za ta cike fam bana, ka ware Talata ɗaya kafin ranar, ka rufe shago ko ka nemi izini a ofis, ka ce wa uwarsu ta shirya, ku fita ƙarfe bakwai.